Muryar Cikin Randa

Inna Safara'u ta kira sunan Muhsina har maƙogwaronta ya bushe, yarinyar na zaune a gindin turmi tana tsince shinkafa, ko ɗagowa ba ta yi ba. Sai da uwar ta taka ta yaye gefen hijabin, ta ga igiyar iyafis ta sulalo daga kunne, sannan ta gane inda gizo ke saƙa. Ta ce wallahi ranar da Malam ya kama ta da wannan shirme, ita ko tari ba za ta yi ba. Muhsina ta yi dariya, ta ce ai Malam yana makaranta, shinkafa kuwa in an samu tsakuwa ɗaya a ciki a yanke mata kunnen da ke sauraron.

Muhsina 'yar Malam Abdulsalami ce, mai makarantar Islamiyya a Birnin Kudu, mutumin da in ya yi gyaran murya a soro ko kaji sai sun natsu. Ta yi sauka, tana koyar da ajin ƙanana da yamma, bakinta kuwa kamar reza. Abu guda ne Malam bai sani ba: 'yarsa mayyar finafinan ban tsoro ce. Ƙawayenta na kallon na soyayya suna matsar ƙwalla, ita kuwa gyaɗa take ɓarewa tana kallon gawa na miƙewa daga makara.

Suna da guruf a Wasaf mai suna Zauren Masu Taurin Rai, samari da 'yan mata daga Birnin Kudu har Gwaram. Kowane ƙarshen shekara sukan zaɓi gwarzon fim, kuma ba da ɗaga hannu ake yi ba. Duk mai goyon bayan wani fim sai ya ɗauki muryarsa yana kwaikwayon wurin da ya fi tayar da tsikar jiki, ya tura, jama'a su saurara su yanke hukunci. Sunayen finafinan ba sa faɗuwa a bakin Bahaushe, don haka laƙabi suke ba su. A bana biyu ne suka rage a fili: wanda suke kira Matar Rijiya, da wanda suke kira Gidan Haya.

Muhsina ce jagorar Matar Rijiya. Jagoran Gidan Haya kuwa Bahauddeen ne, ɗan Sara ta ƙasar Gwaram, mai gyaran injin ban-ruwa. Musu ne ya haɗa su tun bara. Ya ce fim ɗinta na tsorata jarirai ne, ta ce nasa ko kyanwa ba zai kora daga kan tabarma ba. Musu ya koma gaisuwa, gaisuwa ta koma tambayar ko an ci abinci, kuma da yake ɗan mutunci ne bai tsaya jan rai ba, ya turo manya. Malam ya yi nasa binciken ya gamsu. Saura na dangin ango.

A gidansu Bahauddeen kuwa, in an ce bincike an ce Gwaggo Turai, yayar mahaifinsa. Fahariyarta ita ce ba ta tambayar maƙwabta, don maƙwabta rufa asiri suke yi. Ita faɗowa gida take babu sanarwa, a lokacin da ba a zato, ta ga yarinya yadda Allah ya yi ta.

Ranar da ta zaɓa, Inna Safara'u ta tafi barka, Malam yana makaranta, rana ta take tsaka. Muhsina ta ga gida ya zama nata, ta shige ɗakin ajiya inda tsohuwar randar kakarta take, mai faɗin baki, babu ko ɗigon ruwa a ciki. Ita ce sirrin nasararta. Ta daɗe da gano cewa in ta zura kai a ciki ta yi magana, muryarta kan koma ta wani ƙato da ke magana daga ƙasan rami. Tana cikin tsifar kai ne, gashi rabi a kwance rabi a tsaye, ta tura wayar cikin randa, ta durƙusa ta bi ta da kai.

Gwaggo Turai ta yi sallama a hankali, irin ta wanda ba ya so a amsa. Ta ji gurnani daga wani ɗaki, ta bi shi da sanɗa, ta leƙa. Ga budurwa a durƙushe, kai a randa, ga kuma muryar namiji na fitowa:

“Na daɗe ina jiranki a ƙarƙashin ruwa. Sauko. Yau ba za ki koma gida ba.”

Sai dariya ta biyo baya, doguwa, mai amsa kuwwa.

Da Muhsina ta ɗago, idanu jajur saboda sunkuyo, gefen zane kawai ta gani yana ɓacewa ta soro, da takalmi ƙafa ɗaya a tsakar gida. Ta ɗauka wata mai talla ce, ta jefa shi bayan ƙofa, ta tura muryarta guruf. Nan take aka fara zuba mata kirari.

Daga nan mutanen Sara suka yi shiru. Da saƙo ya zo, gajere ne: a dakata da maganar aure, sun ga abin da ya fi ƙarfinsu. Kafin Malam ya gama juya maganar, gari ya ɗauka cewa 'yar Malam Abdulsalami tana da iska, kuma namijin aljani ne, daga rijiya ya biyo ta. Ka san mutanenmu, abin da ba su gani ba shi suka fi iya bayaninsa. Wata ta ce dama ta lura yarinyar ba ta tsoron duhu. Wata ta janye 'yarta daga ajin Muhsina.

Malam ya zaunar da ita ya yi mata ruƙiyya, ya karanta abin da ya sawwaƙa, tana bin sa a zuci har da gyara numfashi inda ake tsayawa. Ko gezau. Ya dube ta ya ce shi dai bai ga komai ba, amma bai san abin da mutanen nan suka gani ba. Ta sunkuyar da kai, ta bar shi a haka.

Bahauddeen ne ya warware mata a waya. Ya ce da Gwaggo ta maimaita kalmomin da aljanin ya faɗa, dariya ta kusa kashe shi, don a guruf ya riga ya ji su. Ya yi musu bayani, suka ce so ne ya rufe masa ido. Ya kunna musu muryar, abin ya ƙara lalacewa, Gwaggo ta toshe kunne tana cewa ga shi nan har waya ta kama shi. Yanzu mahaifinsa, Alhaji Sulaimanu, ya ce ya cire rai.

“Ni ban cire ba,” in ji shi. “Amma Muhsina, magana ɗaya ce ta rage. Sai sun gani da idonsu. Kuma ba za su gani ba sai Malam ya sani.”

Ta kashe wayar ta fashe da kuka, kukan haushi. Ta ce wa uwarta bari ta hau mota ta je Sara ta tambayi tsohuwar nan wanda ya koya mata leƙen ɗakin mutane, ta ga ko aljani ya fi bakinta zafi. Inna Safara'u ta bari ta zazzage tas, sannan ta ce to, in ta je ta yi rashin kunya a gidan surukai, ai ta ba su shaida ta biyu ke nan, za su ce aljanin ne ya motsa. Ta ce haƙuri ba zama a yi shiru ba ne kawai, har da haɗiye zafin kai a yi abin da ya fi wuya. Abin da ya fi wuya kuwa yana soro yana lazimi.

Muhsina ta wanke fuska, ta je ta durƙusa gaban mahaifinta. Ba ta yi kwana-kwana ba. Ta faɗi guruf, ta faɗi finafinai, ta faɗi randa. Ta ajiye wayar a gabansa.

Malam ya ajiye carbinsa. Da ya buɗe baki bai ɗaga murya ba, kuma hakan ya fi duka ciwo. Ya ce kallon bai ƙona masa rai kamar ɓoyon ba. Ya ce ya zauna yana yi wa 'yarsa ruƙiyya, hankalinsa a tashe, ita kuwa ta san babu komai ta bar shi yana yi. A nan hawayenta suka zubo na gaske. Ya sa wayar a aljihu, ya ce ta zauna a wurinsa sai ya ga dama. Sannan ya ce ta tashi ta nuna masa.

Da ya ji muryar ta fito daga randa, sai da ya ja da baya taku ɗaya yana ta'awwuzi. Inna Safara'u ta rantse daga baya cewa ta ga gemunsa na rawa, kuma ba tsoro ba ne, dariya ce yake dannewa.

Washegari ya naɗe takalmin nan, da yanzu aka gane na Gwaggo Turai ne, a leda ya hau motar Gwaram. A Sara aka shimfiɗa masa darduma a ƙofar gidan Alhaji Sulaimanu, aka gaisa gaisuwar da kowa ke kallon ƙasa. Ya ajiye ledar.

“Alhaji, ban zo roƙon aure ba. 'Yata ba ta yi kwantai ba. Na kawo wa Hajiya Turai takalminta, kuma na zo neman haƙƙi. An ɓata sunan yarinya a kan abin da aka gani a gidana. A zo gidan nawa a sake gani, ido na ganin ido. Bayan nan kowa ya yi abin da ya ga dama.”

Alhaji Sulaimanu manomi ne mai jin kunyar malamai, bai iya musawa ba. Ranar da suka zo, Gwaggo Turai ta sha layu har a damtse, ta zauna dab da ƙofa inda gudu zai yi sauƙi. Aka mirgino randa tsakar gida. Muhsina ta fito cikin hijabi har ƙasa, ta durƙusa ta gaishe su ɗaya bayan ɗaya cikin ladabi, ta karanta Ayatul Kursiyyu da ƙira'a mai daɗi don kowa ya shaida. Sannan ta zura kai ta maimaita kalmomin nan, ta ɗago tana murmushi.

Gwaggo ba ta saduda ba. Ta ce to ai ga shi, a cikin randar yake zaune.

Da Muhsinar da ce, da ta mayar da amsar da za a yi shekara ana maimaitawa. Wannan kuwa ta haɗiye, ta ce cikin taushin murya:

“Gwaggo, in yana ciki ai zai amsa wa kowa da muryarsa. Ki taimaka ki sa kai ki yi masa sallama.”

Gwaggo ta ce ko da kuɗi. Alhaji Sulaimanu ya ce Yaya, ke kika gani, ke kika faɗa, ke za ki ƙarasa. Ta matso tana jan ƙafa, ta yi bisimilla ta fi a ƙirga, ta zura kai ta ce salamu alaikum. Muryarta ta dawo mata ƙatuwa kamar ta bijimi, da irin jan harshenta na mutanen Sara, babu abin da ya canza sai kauri. Ta zabura ta faɗi zaune, ɗankwali a gefe. Sai Alhaji Sulaimanu ya tuntsire da dariya, kowa ya samu hanya.

Gwaggo Turai, duk da rigimarta, ba ta da taurin kai a gaban gaskiya. Ta gyara ɗaurinta, ta kamo hannun Muhsina ta ce ta yafe mata, bakin da ya ɓata shi zai gyara, gida-gida. Muhsina ta ce ita ma a yafe mata tsoratarwar. Malam ya ce laifi biyu ne suka haɗu suka haifi wannan fitina: yarinya ta ɓoye wa iyayenta abin da take yi, babba kuma ta ga abu ba ta tambaya ba ta ɗauka ta yi gaba. Da ɗaya daga cikinsu ta buɗe baki a kan lokaci, da ba a kai nan ba.

Bayan girbi aka ɗaura aure. Malam ya mayar mata da wayarta da sharaɗin babu fim mai tsiraici, kuma babu kallon da zai ci lokacin salla ko na azkar. Ta buɗe guruf ta tarar an dakatar da zaɓe ana jiranta. Ba a ma kai ga ƙuri'a ba, Bahauddeen ya janye Gidan Haya da kansa. Ya ce fim ɗin da ya sa Gwaggo Turai ta bar takalmi a Birnin Kudu ta isa tasha da ƙafa ɗaya, ba ya buƙatar shaidar kowa. Matar Rijiya ta zama gwarzuwar shekara.

Randar kuwa tana cikin kayan ɗakin da aka kai Sara, Gwaggo ce ma ta riƙe ta a mota kada ta fashe. Bayan an watse daga buɗar kai, ta dawo ɗakin amarya kamar ta manta wani abu, ta waiga hagu da dama, ta rage murya.

“'Yar nan, wai ita matar da ake kira ta sauka rijiyar, ta sauka kuwa?”

Muhsina ta matsa mata a bakin gado, ta jawo kwanon gyaɗa.

Wanda ya riƙe harshensa lokacin da zuciya ke tafasa, ya faɗi gaskiya a inda take da ɗaci, Allah ba ya barinsa ya kunyata. Mai bincike kuma ya tuna, abin da ido ya gani rabin labari ne, sauran rabin sai an tambaya.