Tsohon da Ya Daina Bin Layi

Ba rahoton gawa aka kawo wa Sufeto Nasser ba, ba kuma na sata ba. Wata mata ce ta zo ofis da hantsin Talata, sanye da rigar aikin wani babban kanti na unguwar Tremont, ta ce wani tsoho ya daina bin layinta.

Sunanta Mariatu, 'yar Zongon Kumasi, shekararta goma sha ɗaya tana kashiya, mai karɓar kuɗi.

"Hajiya, wannan ai ba laifi ba ne," in ji Sufeto.

"Ka dai saurara, ɗana. Baba Habibou kullum ƙarfe tara yana gabana. Ko layi ya kai ƙofa, injinan biyan kuɗin nan huɗu kuma ba kowa, sai ya tsaya. Cewa yake ba ya ciniki da abin da ba ya amsa sallama. Yau kwana tara ke nan yana wuce ni, ya tafi wurin inji."

"Kin gan shi da idonki?"

"Na ga rigarsa. Na ga hularsa da sandarsa."

Sufeto ya dube ta, ya ajiye biro, ya ɗauki makullin mota.

A ofishin manajan kantin aka kunna masa hoton kyamara. Tara daidai, ga mutum cikin doguwar rigar sanyi, da jar hula, da tabarau, takunkumi ya rufe rabin fuska. Kansa a sunkuye ya nufi injin ƙarshe. Muryar macen da ke cikin injin ta yi masa godiya da Turanci, ya juya ya fita. Kwana tara, tafiya iri ɗaya.

"Me yake saye?"

Manaja ya duba. "Da can madara da burodi. Yanzu ƙanƙara, leda huɗu kullum."

A watan Fabrairu ake, dusar ƙanƙara jibge a bakin titi.

Sufeto ya gangara Canal Street, inda tsohon ke da teburin sayar da bel da tabarau. Ɗan 'yar'uwar tsohon ya tarar, Alkasim, wanda suke gida ɗaya. Takardar izinin teburin na rataye, da hoton tsohon.

"Ina kawunka?"

"Yana gida, yallaɓai. Mura ce ta shaƙe masa murya."

"Mai mura da ƙanƙara leda huɗu?"

"Firijinmu ne ya lalace."

Matar da ke teburin kusa, Adjoa, ta bi Sufeto har mota. Ta ce tsohon ya yanki tikitin komawa Maraɗi gaba ɗaya, ya kuma rantse sai ya mayar wa hukuma takardar izinin teburin kafin ya tafi, don amana ce da sunansa.

Daga nan Sufeto ya je gidan. Ya ƙwanƙwasa, shiru. Hayaƙin turaren wuta na fitowa ta ƙarƙashin ƙofa, mai yawa, fiye da yadda ɗaki ke buƙata. Ya buga waya a nemo masa takardar kotu.

Ya koma wurin Mariatu. "A kwanakin nan kin taɓa yi masa magana?"

"Ranar Juma'a na ɗaga murya na ce, Baba ina kwana."

Suka nemo hoton Juma'a. Mai jar hula yana gaban inji. Da muryarta ta kai masa, sai gwiwarsa ta lanƙwashe, hannunsa ya tafi ƙirji, ya ɗan rusuna. Nan take kuma ya miƙe kamar wanda aka tsikara.

Mariatu ta kama bakin tebur.

"Baba ya haifi kamata," ta ce a hankali. "Ni ke rusuna masa."

Washegari Sufeto ya sa manaja ya kashe injinan duka huɗu. Ya tsaya kusa da kwandunan lemo, ɗan sanda ɗaya a bakin ƙofa.

Tara daidai mai jar hula ya shigo, ya loda ƙanƙararsa a keken kaya, ya nufi injin ƙarshe. Fuskar injin baƙa ƙirin. Ya gwada na biyu, ya gwada na uku. Ya daɗe a tsaye. Da ya waiwaya ya ga ɗan sanda, sai ya shiga layi.

Mutum uku ne a gabansa. Wayar Sufeto ta yi motsi. Saƙo ne daga abokan aikinsa da suka shiga gidan: an sami gawar tsohon a bahon wanka, cikin ƙanƙara.

Layi ya zo kan mai jar hula. Mariatu ba ta taɓa kayan ba.

"Salamu alaikum, Baba."

Ruwa na ɗiga daga ledojin zuwa ƙasa.

"Salamu alaikum," ta sake cewa.

"Wa alaikumus salam, Inna." Murya ce ta ɗan shekara talatin.

Sufeto ya matso ya cire masa hular. Alkasim ne, bai yi gardama ba.

"Ban yi niyya ba, yallaɓai. Takardar na kama, shi ma ya kama, na ture shi, kansa ya bugi murhu. Shekara shida ina tsaye a teburin nan. In ya mayar da ita, ina zan tsaya?"

"Rigar fa?"

"Duk unguwa ta san tara yake fita. In ba a gan shi ba, za a zo dubiya. Inji kuwa ba ya tambayar ya gida."

Ɗan sanda ya sa masa ankwa, ya fita da shi. Sandar ta rage jingine da teburin Mariatu.

Mariatu ta ɗauke ta, ta ajiye a inda Baba Habibou ya saba tsayawa.

"Kwana tara ina fushi da shi," ta ce. "Na zaci wani abu na yi masa."

A bayansu manaja ya kunna injinan. Su huɗu, da murya ɗaya, suka yi maraba da wanda babu.