Ƙullin da Na Karɓa a Habasha

Zinatu, kashe wayar nan. Na ce kashe ta! Ke kuma Ladidi matso, ki daina leƙen ƙofa. Tunda Zinatu ta ce ita ma sai ta goya jaka ta zaga duniya ita kaɗai kamar Yaya Balaraba, to yau Yaya Balaraba za ta faɗi abin da ba ta taɓa gaya wa kowa ba. Wadda ta yi dariya sai na mare ta.

Shekara bakwai ke nan. Ina Habasha, can cikin duwatsu, wata na biyu da barin gida. Daga ni sai jakar goyo: kaya kala uku, bargo, gorar ruwa, fasfo. Lokacin ji nake ba kamata a duniya. Mutanen ƙauyen da na sauka kuwa ba su yi murna da ni ba. Mace ita kaɗai, ba miji ba wa, sai harara kamar na kashe musu wani. Da safe na nuna wa matar da ta ba ni masauki wata siririyar hanya da ta hau dutse. Ta girgiza kai, ta yi ta faɗa da yarensu, har da riƙe min jaka. Na fizge abata. A raina na ce baƙin ciki ne kawai.

Rana tsaka na iso wani fili. Ba tsuntsu. Ba iska. Bishiya ɗaya, busasshiya, da dutse a gindinta. A kan dutsen wata tsohuwa ce zaune, ta lulluɓa da baƙin saƙi irin na kakanninmu.

Na zo zan wuce, sai na ji an ce, "Ke, ba gaisuwa?"

Da Hausa fa! Wata biyu rabona da jin Hausa in ba a waya ba. Wallahi har ƙwalla na yi. Na durƙusa har ƙasa.

"Ina wuni, Iya."

"'Yar ina?"

"Gumel."

"Gidan wa?"

Nan na tafka wauta. Kun san halinmu, mu ji Hausa a ƙasar waje sai mu zazzage cikinmu tas. Na faɗi unguwa. Na faɗi sunan Inna. Har na faɗi kakana, Malam Tanko, wanda ya je Makka da ƙafa.

"Tanko," ta ce. Ba ta sa malam ba. Ta tofar da yawu a kan dutse, yawun ya yi tururi. Na gani da idona, na ce zafin rana ne.

"Ina da saƙo gidan."

Ta miƙo wani ƙullin tsumma, bai kai ƙwai ba. Ku gaya min, wace 'yar mutunci ce tsohuwa za ta ba ta saƙo zuwa gida ta ce a'a? Na sa hannu biyu.

"Ki ce kin karɓa."

"Na karɓa, Iya."

"Har ɗakin da Tanko yake kwana."

Na sunkuya ina cusa ƙullin a jaka, sai idona ya faɗa ƙasan zaninta. Kofato. Irin na jaki, duk ya tsattsage don tsufa. Na ɗago kai, ba kowa a kan dutsen.

Ladidi, sake min hannu, kina ji min ciwo.

Na goya jaka na ranta a na kare. Kafin la'asar igiyar jakar ta fara yanka min kafaɗa. Na kwance, na ciro ƙullin, na wurga shi cikin kwazazzabo. Na yi tafiya kaɗan na sake buɗewa. Yana nan a kan bargo. Na jefa shi a rafi, ya dawo ko jiƙewa bai yi ba. Na yar da jakar gaba ɗaya, na yi taku goma, na ji ta a bayana. Da na kai titi na tari motar birni, ƙarti biyu suka kasa ɗora jakar a saman mota. Suka yi ta zagina, sun zaci duwatsu na loda. Haka na shiga da ita a goye, kowa na matsawa nesa da ni.

A motar ta fara magana. Daga cikin jakar, daidai ƙeyata. Numfashinta warin toka yake yi.

"Yi sauri."

Na kama Ayatul Kursiyyu.

"Karanta," ta ce. "Ai ban shiga da ƙarfi ba. Ke kika ce kin karɓa."

"Me na yi miki, baiwar Allah?"

"Tare muka taso daga Gumel, ni da Tanko. Ni na riƙa nuna masa ruwa a daji. Da ya ga ya kusa ƙasa mai tsarki, sai ya ji kunyar shiga da irina. Ya ɗaure ni a bishiyar nan, ya ce in jira shi. Ya koma gida ta wata hanya."

"Ya rasu tun ba a haife ni ba."

"Na sani. Wa ke kwana a ɗakinsa yanzu?"

Na damƙe igiyar jakar.

"Uwarki," ta ce, tana dariya ƙasa-ƙasa. "Da ita zan fara."

Ran Juma'a jirgina zai tashi. Na kira Inna don in ji muryarta. Tana ta murna, wai ta sa an share min ɗaki, za ta yi min dambun zogale. Ina jin abin nan a bayana yana lasar baki. Na kashe wayar na yi kuka mai isata, sannan na nemi motar komawa.

Kwana biyu na yi kafin in kai bishiyar. Hawan ƙarshe da rarrafe na yi shi, gwiwoyina duk jini. Tana ta tsine min tun daga ƙasa har sama, ta zagi uwata, ta zagi kakana. Rana tsaka na ɗora ƙullin a kan dutsen. Ina ɗauke hannu, ga ta zaune.

"Iya, ga saƙonki. Ba zan iya ba."

"Ba a mayar da saƙo."

"Ni na mayar."

Ta kalle ni. Idon nan ba fari a cikinsa ko ɗis. Sai ta cafke min idon sawu, hannunta sanyi kamar ƙanƙara.

"Tafi, jikar maƙaryaci. Amma na san sawunki. Ranar da ƙafar nan ta taka zauren gidan Tanko, ina biye da ita."

Ta sake ni. Jakar ta koma sakayau. Na gangaro ban waiwaya ba.

To kun ji. Kuna nan ake cewa Balaraba ta je waje ta dawo da girman kai, ta raina gidan ubanta, gidan ƙasa ya yi mata ƙazanta. Har ke Zinatu na ji kin faɗa, kar ki sunkuyar min da kai. Na roƙi Inna ta dawo Kano wurina, ta ce ba ta barin gidan gado. Gaya mata kuwa ba zan yi ba, don na san ta. Cewa za ta yi Allah ya fi tsohuwar, ta kamo hannuna ta ja ni ciki.

Da Sallar bara na je har ƙofar gida. Na tsaya a tsallaken lungu. Ta fito zaure da sandarta, ta rame, ta ce, "Balaraba, taku biyar ne fa. Shigo ki sha ruwan gidanku."

Na ce, "Sauri nake, Inna."

Ta ce, "Allah ya shirye ki." Ta juya ta shige.

Har yau ba ta ɗaga wayata. Zuciyata na ƙuna, ba zan ɓoye muku ba. Amma jiya an ce an gan ta a gidan suna, tana ta yi wa mutane faɗa, lafiyarta ƙalau.

Saboda haka, Zinatu, in kin ƙi ji sai kin tafi, ki tafi da wani. Kuma kika ji Hausa a inda bai kamata a ji Hausa ba, ki ja bakinki ki wuce, ko da muryar uwarki ce. Ku tashi ku yi addu'a ku kwanta. Ladidi, a'a, ba za ki kwana a gadona ba.