Lamba Tara da Hoton Ƙarfe Uku

"Karanta! Da bakinki nake so in ji!"

Yaya Ghali ya dangwara min wayarsa a kan kwalin takalma, har sai da laoban, wato mai shagon da ke kusa da nasa a titin Zhanxi Lu, ya leƙo ya koma.

Na duba. Hotona ne ni da Harouna a ɗakin ajiyar kekuna, fitila a kunne a samanmu, ina dariya har da dafe ciki. Can ƙasan hoton ga wasu ƙananan lambobi ruwan lemo.

"Ƙarfe uku... da minti goma sha biyu," na faɗa.

"Sifili da uku, ba sha biyar ba! Ukun dare, Ummu Salma!"

"Wallahi Yaya da safe ne..."

"Rufe min baki! Karatun haɗa magunguna na kawo ki ƙasar Sin, ko yawon dare da mai gyaran keke?"

Ya ƙwace wayata. Ya zare kyamarar Baba daga wuyana.

"Na tambayi Balki 'yar ɗakinki ko kin kwana a ɗaki ranar. Ta ce ita barcinta nauyi gare shi, ba za ta rantse ba. Litinin za ki koma Kano. Magana ta ƙare!"

Shekara uku na yi ina haɗiyar Sinanci kamar maɗaci, saura shekara ɗaya tak in gama, ga shi za a mayar da ni gida da sunan 'yar yawon dare. Na yi kuka, ba zan ɓoye ba. Amma ni Allah ya yi ni da bin diddigi, ko a tsakiyar kukan abu ɗaya ke cin raina. Na san da hantsi aka ɗauki hoton nan, wata mata ce ma cikin iyayen yara na miƙa wa kyamarar. To ina lambobin suka samo ukun dare?

Bari in koma baya kaɗan.

Babanmu mai hoto ne a Fagge, shekara talatin yana ɗaukar biki da suna. Da ya rasu shekara biyu da suka wuce na je ta'aziyya, na dawo Guangzhou da kyamararsa. Ban taɓa canza mata komai ba. Yadda ya bar ta haka nake dannawa, lambobin ƙasan hoto kuwa ko kallo ba su ishe ni ba.

Wata Asabar na ga sanarwa a makaranta, ana neman 'yan sa-kai masu ɗaukar hoto da bidiyo a wani filin tseren keke a gefen gari. BMX suke ce masa. Ƙananan kekuna ne, yara da matasa takwas-takwas suke jeruwa a saman tudu da hular kwano, ƙofa na faɗuwa sai su gangaro suna tsallake tuddan ƙasa, kafin minti ɗaya an gama. Na je don in ga wace irin hauka ce wannan, sai na maƙale.

Mu goma sha biyu ne, ba a biyan kowa ko sisi. Kowa da rigarsa mai lamba da wurin tsayuwarsa. Ni ce Lamba Tara, wurin tsayuwata a kwana ta uku ta hanyar tseren. Da yamma mu miƙa hotunan, wani bawan Allah ya jera su bisa lokaci da lambar keke, don kowace uwa ta samu na ɗanta. Kowace safiya kuma akwai 'yar jaka a wurin kowa, da ruwa da batir da abincin rana. Abincin ne ban taɓa buɗewa ba, don ban san naman da ke ciki ba.

Asabar ta biyar na tarar da jakata ta bambanta. Taliyar gidan abincin Musulmi ce, da dabino uku, da 'yar takarda.

"Halal ne, Lamba Tara. A ci lahiya."

Na kusa sakin kyamarar!

Hausa? A nan? Har da "lahiya"?

Baƙar fata a Guangzhou ba labari ba ne, kuma kullum da malafa da takunkumi nake saboda rana, ban taɓa yin Hausa da kowa a filin ba. Na tambayi dattijuwar da ke gadin ƙofa ko ta ga mai ajiye jakar. Ta kaɗa hannu ta ce, "Meiyo, meiyo," wato a'a, ba ta gani ba. Asabar uku ina farauta. Wata rana kilishi, wata rana sabuwar igiyar rataya kyamara saboda tawa ta soma tsinkewa. A ta huɗu na yi sammako na laɓe a bayan allon talla kamar 'yar sanda.

Sai ga shi, dogo, yana ɗan ɗingishi, rungume da jakunkuna.

"Kai ne ɓarawon da ke ajiyewa maimakon ɗauka?"

Ya zabura, sannan ya yi murmushi.

"Bon, an kama ni. Harouna, daga Damagaram. Injiniya nika karantawa."

Da shi ma yana tsere, gwiwa ta hana shi. Maimakon ya bar filin sai ya koma ɗakin ajiya, yana gyaran kekuna yana kula da mu. Shi ke cajin batir, shi ke neman laima, shi ya bi iyayen yara ɗaya bayan ɗaya har suka yarda su riƙa ciyar da masu hoto. Shi ne kuma bawan Allahn da ke jera hotuna.

"Wa ya gaya maka ni Bahaushiya ce?"

"Kyamararki."

"Kyamara tana magana ne?"

"Taki dai tana yi."

"To me ta ce?"

"Ranar da kinka yarda in je gaida magabatanki, sai in gaya miki."

"Allah ya kiyashe ni da ɗan Damagaram!"

Haka na faɗa, amma zuciyata ba haka ta ce ba. Wata shida ina tambaya yana zillewa, kuma a cikin wata shidan nan na kamu da sonsa, son da ban taɓa yi wa kowa ba. Kuskurena ɗaya, na riƙa ba Balki labari. 'Yar ɗakina ce a makaranta, ita ma ta taɓa raka ni filin sau biyu, kuma na lura sau biyun da kwalliyar biki ta je. Ita ta ga hoton a kwamfutata, ita ta tura wa Yaya, alhali ta san a gadon da ke kusa da nata nake kwana kullum.

Kwana uku na yi a gidan Yaya ba waya ba fita. Ranar Juma'a ya dawo daga Masallacin Huaisheng yana huci.

"Wannan yaron naki ba shi da kunya!"

Na miƙe tsaye.

"Ya tare ni a ƙofar masallaci, a gaban mutane ya durƙusa ya gaishe ni. Wai Balki ce ta je ta ba shi labari, wai tana masa jaje. Wai in zo da kyamarar gobe ƙarfe goma, in bai wanke ki ba shi da kansa zai kai ki filin jirgi."

"Za ka je, Yaya?"

"Zan je mana! In kunyata shi a gaban Sinawan nasa!"

Na sunkuyar da kai ina ɓoye murmushi. Balki ta yi gaggawar zuwa gadon wurin da ba a tashi ba. Hausawa dai sun gama magana, in za ka gina ramin mugunta gina shi gajere.

Washegari Yaya ya tsaya a kwana ta uku da farar shaddarsa, kyamarar a hannunsa. Ƙofa ta faɗi, yara takwas suka taho, na gaba ya yi sama da kekensa dab da mu.

"Innalillahi! Ina iyayen yaran nan?"

"Ga su can, Yaya. Su ne masu ihun jayo, jayo, wato a ƙara ƙoƙari."

"Allah ya shirya!"

Harouna ya ƙaraso da kwamfutarsa, ya gaishe shi cikin ladabi.

"Alhaji, kowace Asabar hotunan mutum goma sha ɗaya suna jeruwa daidai. Na Lamba Tara kaɗai ke faɗawa baya da awa bakwai. Tun ranar farko na ce ikon Allah, wace kyamara ce wagga? Sai na tuna in na kira tsohuwata a Damagaram, awa bakwai ne tsakaninmu. Na duba takardar sunaye na ga Ummu Salma. Na ce wallahi wagga ta gida ce."

Na riƙe baki.

Abin da kyamarar ta gaya masa ke nan!

"Kowane mako ni ke ƙara wa hotunanta awa bakwai kafin in jera su," ya ci gaba.

"Me ya hana ka ce ta gyara?" Yaya ya jefa masa.

"Ta ce min ta mahaifinku ce, Allah ya jiƙan shi. Na ce hannun da ya saita agogon ga ba ya duniya. Ba ni za ni sa a goge ba."

Idanuna suka ciko. Amma Yaya Ghali ɗan kasuwa ne, ya sha jin daɗin baki a kasuwar Shisanhang.

"Zancen 'yan boko! Kwamfuta ai abin da ka gaya mata shi take faɗa. Ku biyun kun haɗa baki ne."

Ya ɗaga hannu yana kare fuskarsa daga rana. A nan idona ya sauka a kan agogon hannunsa.

"Yaya... ara min kyamarar, minti ɗaya."

"Ki yi me?"

"Don Allah. Tun Talata tana hannunka, ka san ba wanda ya taɓa ta."

Ya miƙo yana harara. Na ɗaga, na danna, na juya masa.

Ga shi tsaye cikin rana tsaka, inuwarsa a ƙasa, yara na tsalle a bayansa. A ƙasan hoton an rubuta 03:20.

"Yaya, ƙarfe nawa a hannunka?"

Ya duba.

Ya sake dubawa.

Uku da minti ashirin.

Shekara goma sha ɗaya Yaya yana Guangzhou bai taɓa juya agogon nan ba. Na Sin a waya yake dubawa, na hannu kuwa na Kano ne, wai don kada ya kira Hajiya tana barci. Mu duka mun san haka, har tsiya muke masa.

Ya karɓi kyamarar yana shafa ta da babban yatsa.

"Ni na raka shi ya sayo ta," ya faɗa a hankali. "A gabana ya saita ta, sai da ya jira rediyo ta buga ƙarfe ɗaya..."

Ban taɓa ganin hawayen Yaya ba sai ranar, ko a ranar jana'iza daurewa ya yi.

"Auta..."

"Na'am, Yaya."

"Kin karya kuwa?"

A gidanmu wannan tambayar ita ce ban haƙurin manya, kuma da ita ma na yafe. Amma sai ya rataya min kyamarar da hannunsa.

"Ki yafe min. Na saurari bare na ƙi sauraron jinina."

Na fashe da kuka.

Ya juya kan Harouna yana gyara murya.

"Kai kuma ɗan Damagaram, ba a neman aure a bakin tudun keke. Manyanka su zo Fagge."

"Insha Allahu, Alhaji! Na gode, na gode!"

"Kuma wannan takalmin da ke ƙafarka abin kunya ne. Ku nawa ne masu wahalar nan?"

Asabar ta gaba kwali guda ya iso filin daga Zhanxi Lu, kowane ɗan sa-kai da takalminsa, har dattijuwar bakin ƙofa. Ta yi ta "shiye-shiye", godiyar Sinawa, kamar ba za ta daina ba. Balki kuwa kafin in koma makaranta ta canza ɗaki. Ta turo min doguwar wasiƙar ban haƙuri, na ce Allah ya yafe mana, amma ban sake ba ta labarin ko abin da na ci ba.

Na gama karatuna. Bayan wata biyu aka ɗaura mana aure a Fagge, ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci.

Da la'asar Harouna ya shigo gaida Hajiya, ya same ni a ɗakin Baba an lulluɓe ni. Kyamarar na kan tebur.

"Lamba Tara," ya ce a hankali. "Masoyiyata, ɗago in gan ki."

"Ni yanzu ba ni da lamba."

"To Madam Harouna, ɗago!"

Na ɗago ina dariya, ya danna.

Muka haɗa kai muna duba hoton. A ƙasa an rubuta 16:10. Na ɗaga ido na kalli tsohon agogon bangon Baba.

Huɗu da minti goma.

"Yau ba abin da za ni ƙara," Harouna ya ce.

Na rungume kyamarar a ƙirjina, hawaye na zuba a kan lallena.

"Baba," na ce, "mun dawo gida."