Loma Goma Sha Takwas

Ranar Talata ce da hantsi. Ramatou tana yi wa wata mata kitso a falon ƙanwar mahaifiyarta, Tanti Radiyya, a Annandale, sai wayarta ta yi ƙara. Ɗan sanda ne. Turancinta bai kai ta gane duk abin da ya faɗa ba, amma ta ji sunan mijinta, Misbahu, ta ji babbar hanyar 95, ta ji yana ba ta haƙuri. Ta miƙa wa Tanti wayar. Da ta ga yadda fuskar Tanti ta sauya, sai ta zame ta zauna a ƙasa, tsinken kitson yana hannunta.

Shekararsu biyu da wata huɗu da aure.

A wannan falon suka fara ganin juna. Ya kawo mahaifiyarsa, Hajiya Sadiyya, kitso. Dogo ne, injiniya, haifaffen Greenbelt. Ƙarfe huɗu na yamma ya dube ta ya ce, "Ina kwana."

Dariya ta ƙwace mata. "Lafiya lau, Bature. Yanzu gari ya waye a garinku?"

Sunan ya bi shi. Shi kuma ya sa mata 'Yar Maradi. Bayan sati biyu saƙonsa ya shigo, ta zauna tana haɗa baƙaƙen a hankali, don ajinta huɗu aka cire ta daga makaranta.

"'Yar Maradi, Hausa ta ba kyau amma ina tunanin ki da Hausa. Na ce ma kaina wannan babban magana ne."

Hajiya ba ta so ba. Ba ta yi faɗa ba, kawai ta daina zuwa kitso. Tanti ce ta jiyo cewa akwai wata Najiba, likitar yara, 'yar aminiyar Hajiya, wadda tun suna ƙanana ake haɗa su. An ce Hajiya ta ce ɗanta ba zai auri yarinyar da ba za ta iya karanta takardar makarantar 'ya'yanta ba.

Misbahu bai ja da baya ba. Wata rana ya ce zai kai ta wani wuri a Washington, gidan abincin Japan na wani gwanin girki, Shef Tanabe, da ake nunawa a talabijin. Wata uku ya yi yana jiran a ba shi kujera biyu.

"Har na kira su na ce kar su sa giya a komai," ya ce. "Akwai maganar da zan miki a can."

Ta san maganar. Ranar ko koko ta kasa sha.

Wurin ba shi da girma. Kujeru goma ne a jere gaban wani dogon katako fari, babu takardar zaɓen abinci, abin da shef ya ga dama shi za ka ci. Tsoho ne mai furfura, hannunsa kamar na mai saƙa. Sai ya dunƙula shinkafa 'yar mitsitsiya, ya ɗora yankan ɗanyen kifi, ya shafa wani ruwa da buroshi, ya ajiye a gabanka, ya tsaya yana kallo har ka kai baki.

Ya ajiye lomar farko a gabanta.

Ramatou ta dubi lomar, ta saci kallon Misbahu da kafaɗarsa ke kusan taɓa tata. A gidan da ta tashi, budurwa ba ta tauna abinci a gaban mai neman aurenta. Ko ruwa sai ta juya baya. Ta sunkuyar da kai.

"Ci mana," ya ce a hankali. "An ce in ta wuce minti ɗaya ta lalace."

"Na ƙoshi."

Shef ya ɗauke, ya ajiye ta biyu. Ya ɗauke, ya ajiye ta uku. Turawan da ke gefe suka fara waigowa.

"Don ɗanye ne?" in ji Misbahu. "Bari a gasa miki."

Shef ya kunna wata 'yar wuta ya babbaka kifin. Ƙamshin ya doki hancinta, cikinta ya yi ƙugi, ta danne shi da jakarta.

"Ramatou, na yi miki laifi ne?"

"A'a."

"To ko ɗaya. Don ni."

Don shi ne ma ta kasa. Loma goma sha takwas aka ajiye, goma sha takwas aka ɗauke. Da za su fita shef ya rusuna musu, bai yi murmushi ba. Misbahu bai yi maganar da ya zo da ita ba. Ya sauke ta da magariba, kafin ta cire takalmi saƙonsa ya shigo.

"Na gane. Ba sai kin faɗa ba. Ba zan ƙara damun ki ba. Allah ya ba ki wanda za ki ji daɗin zama kusa da shi."

A tsaye a kicin ta cinye sauran dambun Tanti tana kuka. Ta ɗauki waya ya fi sau goma. Amma ta yaya mace za ta buɗe baki ta ce wa namiji, kunyarka nake ji don ina son ka?

Kwana tara shiru. Rana ta goma Hajiya Sadiyya ta yi sallama, ta zare ɗankwali, ta zauna.

"Shuku za ki min."

Ramatou ta fara tsaga.

"An ce an kai ki wurin mai kifin nan na talabijin. Loma nawa kika ci?"

"Ko ɗaya, Hajiya."

"Kin ci abinci a gida ne?"

"Tun safe ban sa komai a cikina ba."

Hajiya ta juyo ta dube ta.

"Ya zo min ido jajur, wai kin tsane shi. Wallahi na so in yi murna. Sai na tuna babansa, Allah ya jiƙansa, ya taɓa saya min tsire a Zariya. Na riƙe shi a takarda har man ya daskare, yunwa kamar ta kashe ni." Ta share ido da gefen mayafi. "Laifina ne, ban koya wa wawan nan komai ba. Ki gaya wa Tantinki kawunnansa suna zuwa Asabar. Kuma ki sassauta hannu, za ki cire min gashi."

An ɗaura aure bayan sallar Juma'a. A wurin walima Hajiya ta kama hannunta ta ɗora a kan na ɗanta, ta ce, "Allah ya ba ku zaman lafiya. Allah ya sa mutuwa ce kaɗai za ta raba."

Kowa ya ce amin.

Sun koma wurin Shef Tanabe bayan wata huɗu. Ya gane ta. Ya ajiye loma, ya harɗe hannu. Ta ɗauka da yatsu ta kai baki, wani koren yaji ya hau mata ka har hawaye ya zubo.

"Ya kika ji, amarya?" in ji Misbahu.

"Da daɗi. Amma da an soya shi da ya fi."

Misbahu ya fassara. Tsohon ya yi dariya har ya dafa katako.

A Woodbridge suka zauna. Shi ya koya mata duba taswirar hanya a waya, ja cunkoso, kore hanya a buɗe. Kullum bayan asuba yana ɗaura takalmi tana gaya masa, "Bature, yau ja ce tun daga gada, ka hanzarta." Ranar Talatar nan kore ce.

Da ta gama takaba, Tanti ta ce ta dawo Annandale. Hajiya ta ce ba inda 'yarta za ta, ta kwaso kayanta daga Greenbelt ta tare a ɗakin ƙasa na gidan Woodbridge.

Har yau, ƙarfe shida da rabi, Ramatou takan tsaya a bakin ƙofa ta buɗe wayar ta duba hanya.

"Yau a buɗe take," takan ce, ba da ƙarfi ba.

Daga ɗakin ƙasa Hajiya takan amsa, "Allah ya kai kowa gida lafiya."