Ƙafar Nomau

Ku yi shiru. Ba na maimaita magana.

Nomau ɗan garin nan ne, amma sojan Amurka ya yi, sojan ƙasa. A wata hamada nakiya ta tashi da su. Abokinsa Wilsin ya mutu nan take. Shi kuma ya baro ƙafar hagu a can, ya dawo gida da ta ƙarfe.

Ran nan da rana tsaka ya ɗauki fartanya zai bi ta hanyar tsamiya. Uwarsa ta ce, "Nomau, ba a bin wurin nan war haka."

Ya ce, "Inna, inda na bi ya fi nan."

Ya isa gindin tsamiya. Ba iska. Ko kurciya ta yi shiru.

"Nomau!"

Muryar Wilsin ce. Bakin Nomau ya buɗe da kansa, don soja in an kira shi amsawa yake yi. Ya cije harshe. Wanda ya amsa kira a wurin nan ba ya komawa gida da hankalinsa.

Ga mutum zaune cikin kaki, rungume da ƙunshin zane.

"Abokina, ƙafarka na kawo maka. Ka ce na'am kawai."

Wilsin kuwa ko sannu bai iya ba da Hausa.

Mutumin ya kwance zanen. Ita ce, har da tabon sara a babban yatsa. Tana motsi. Dungulmin Nomau ya hau ƙaiƙayi, idonsa ya kawo ruwa.

Sai ya dubi ƙasa. Ƙarƙashin wandon kakin ba takalmi. Kofato ne, na jaki.

Nomau ya tofar da yawu. "Da hannuna na rufe wa Wilsin ido. Mai yawo da ƙafar jaki ne zai ba ni ƙafa? Fara sa wa kanka."

Abin ya miƙe, ya yi ta miƙewa har kansa ya shige rassa.

"Gurgu, ba ka iya gudu."

"Wa ya ce maka gudu zan yi?"

Ya yi a'uziyya, ya buga ƙarfen a ƙasa, ya wuce. Ƙwas. Ƙwas. Bai waiwaya ba. Ya je ya yi nomansa har la'asar.

Tun ranar, ku dubi sawunsa a rairayi. Dama takalmi. Hagu tafin ƙafa tsirara, yatsu biyar cif. In an tambaye shi sai ya ce, "Tawa ce dama. Ban roƙa ba."

Ku ba Nomau ba ne. Kada in ji ɗayanku ya bi hanyar nan shi kaɗai.