Turaren Wutar Balkisa

Labarin ya shigo Gure ta waya, yadda kowace fitina take shigowa yanzu. Wai direbobin sitarni, manyan motocin dakon mai, za su tafi yajin aiki. Ba wanda ya ji daga bakin direba ko ɗaya, amma kafin azahar layin gidan mai ya zarce kasuwa. Mai moto, wato babur, ya fito, mai mota ya fito, har wanda bai mallaki ko keke ba ya ɗauko bido, jarkar zuba mai, ya zo ya tsaya. Da hukuma ta ga abin zai fi ƙarfinta, sai ta hana zuba esansi, wato man fetur, a bido, sai dai a tankin abin hawa. Mutanen Gure kuwa ba a hana su abu su hanu.

Ana cikin haka, ranar Laraba bayan la'asar, aka buga waya komisariya, ofishin 'yan sanda, cewa gobara ta tashi a wani gida bayan kasuwar dabbobi, kuma an rasa rai.

Motar aiki ba ta da mai, don haka a bayan ɗan kabu-kabu Sufeto Abarshi ya je. Ya tarar an kashe wutar da rairayi. Gawar matar gidan, Balkisa, tana tsakar gida an lulluɓe ta da zane. A ƙofar gida kuma jama'a sun rufe wani mutum da duka.

Abarshi ya kutsa da ƙyar ya janye shi. Husseini ne, maƙwabcin gidan, mai sayar da esansi a kwalabe a bakin titi. An fasa masa kai, ido ɗaya ya rufe.

"Shi ne, ranka ya daɗe," in ji wani dogon mutum da ke kuka, ya rufe baki da gefen rawani. "Shi ya jibge mai a jikin katangarmu. Ya kashe mini mata."

Wannan shi ne Aisami, mijin marigayiyar, mai lambu a wani kwari da ke hanyar Kelle.

Abarshi ya sa aka tafi da Husseini komisariya. Ya san garin. Idan ba a fito da gaskiya ba kafin jama'a su taru sallar Juma'a, ƙofar komisariyar ba za ta tare su ba.

Ya shiga ɗakin da ya ƙone. Rufin kwano ya ɗage, ƙofar ta fice waje har da ƙusoshinta. Ya zagaya gidan Husseini ya dubi katangar ta can ɓangaren. Fes take, ko baƙin hayaƙi babu, har da tabarma a jingine da ita ba abin da ya same ta.

Ya komo ɗakin ya durƙusa gaban jeren matar, manyan kwanukan samiran nan da ake jera wa mace tun ranar aurenta, waɗanda ba a girki da su, ba a ma buɗe su sai ranar wanki. Murafensu sun watse, ɗaya har tsakar gida. Ya ɗauki kwano ya juya shi. Bayansa ya yi baƙi, wannan ba abin mamaki ba ne. Amma cikinsa ya fi bayansa ƙuna, fentin duk ya ɓare. Abarshi ya daɗe yana kallon kwanon, sannan ya ajiye shi a hankali.

A komisariya Husseini yana zaune a ƙasa, an ɗaure masa kai da bandeji.

"Kana da esansi a gidanka?"

"Ko ɗigo ba ni da shi, ranka ya daɗe. Na sayar duka."

"Mai sayar da mai, a wannan makon, a ce ba shi da ko ɗigo? Husseini, waɗanda ke waje ba za su yi maka tambaya ba. Ni ne mai tambaya."

Husseini ya sunkuyar da kai.

"Akwai ɗan saura. Amma ba a gida ba. Na binne shi cikin tudun rairayi a bayan gari. Ina da yara ƙanana, ba zan kwana da wuta a gida ba."

"Me ke tsakaninka da Aisami?"

"Alheri. Ko shekaranjiya ya zo ya ari tiyona."

"Wane tiyo?"

"Ɗan siririn da nake zuƙo mai da shi daga tanki. Ya ce motonsa ne ya sha ruwa."

"Ya dawo da shi?"

"Bai dawo da shi ba." Husseini ya ɗago ido ɗayan da ke buɗe. "Ranka ya daɗe, iyalina fa? An ce za a ƙone gidan."

"Na sa mutum a ƙofar," in ji Abarshi. Mutum ɗaya ne kawai, kuma su biyun duk sun san da haka.

Da safe ya je wurin Ya Mairamu, tsohuwar da ke gidan da ke fuskantar na Aisami. Tana tsintar wake a tire.

"Ke ce kika ga Balkisa ƙarshe?"

"Ni ce, ɗana. Ta yi kwanaki a Bune wurin bikin 'yar ƙanwarta. Jiya ta sauka. A wurina Aisami ya bar mabuɗi, ni na ba ta da hannuna."

"Ya san za ta dawo jiya?"

"Ya sani mana. Daga tasha ta kira shi, shi ya ce ta zo ta karɓa a nan."

"Sai me?"

"Ta buɗe ɗakin, ta fito tana toshe hanci. Ta ce, 'Ya Mairamu, warin esansin Husseini ya cika mini ɗaki, sam mini garwashi in turara.' Ka san mu. Mace ba ta dawowa daga tafiya ta shimfiɗa tabarma ba ta sa turaren wuta ba. Balkisa kuwa ita ke haɗa shi da kanta, na unguwar nan duk a wurinta muke saye." Tsohuwar ta ajiye tiren. "Ni na zuba mata garwashin a kasko. Ta shiga ta ja ƙofa don hayaƙin ya kama labule."

"Ta ce warin Husseini ne. Ke kin taɓa jin warin nan a gidan kafin ta yi tafiya?"

Ya Mairamu ta girgiza kai.

"Ban taɓa ba," ta ce.

Abarshi ya fito zuciyarsa a dagule. Tsohuwar nan za ta mutu tana ganin garwashinta ne ya yi kisan, kuma ba abin da zai faɗa mata da zai cire wannan.

A gidan mai layin yana nan yadda yake, sai ma ƙaruwa. Ana ta gardama. Wani ya ce direbobin sun riga sun ajiye motoci a Damagaram, wani ya rantse ɗan'uwansa ya ga sitarni a hanya. Abarshi ya ja Burahima, mai zuba man, gefe guda.

"Ka san Aisami mai lambu?"

"Na san shi. Sau ɗaya ya sha mai, kamar kowa."

"Zan tambayi mutanen layin nan. Sun kwana biyu suna kallon hannunka, kuma ba ƙaunarka suke yi ba."

Burahima ya goge fuska da gefen riga.

"To, ya yi ta dawowa. Ya cika tanki ya tafi, an jima sai ga shi a ƙarshen layi tankin wayam. Ba shi kaɗai ba, ranka ya daɗe, rabin garin nan haka suke yi. An hana bido, ba a hana dawowa ba."

"Jiya da la'asar yana ina?"

"Ga motonsa can, saura kaɗan ya iso fanfo. Nan aka zo aka gaya masa, ya bar shi ya ruga."

Moton yana nan a layi, da ragar albasa ɗaure a bayansa. Duk lokacin da layi ya motsa, na bayansa sai ya tura shi gaba.

An yi jana'iza tun daren jiya. Abarshi ya sami Aisami a rumfar zaman makoki, maza sun kewaye shi, maganar Husseini kawai ake yi ƙasa-ƙasa. Ya yi gaisuwa, aka shafa fatiha, sannan ya roƙe shi su shiga daga ciki.

Suka tsaya a bakin ɗakin da ya ƙone.

"Malam Aisami, sauke rawanin nan daga bakinka."

Aisami ya sauke. Leɓɓansa sun tsage, fatar gefen bakin ta saɓule ta yi fari.

"Zazzaɓi ne," ya ce.

"Zazzaɓin tiyo ne. Na ga irinsa a bakin 'yan kabu-kabu duk makon nan." Abarshi ya ɗauko kwanon samira ya miƙa masa. "Wuta daga waje take cin kwano. Wannan daga ciki ta ci shi. Me ka zuba a jeren matarka?"

Aisami bai karɓi kwanon ba. Ya jingina da bango, ya sulale ya zauna cikin toka.

"Albasata ta fara sa kai," ya ce. "Injin ban ruwa in ya tsaya a wannan zafin, shi ke nan shekarar ta tafi. Na nemi bido a kasuwa babu. Ɗakinta a rufe yake, ba ta nan, ga kwanuka manya da murafe. Na ce kafin ta dawo na kwashe na kai kwari."

"Ta kira ka daga tasha."

"Ta kira."

"Ka san abin da za ta fara yi in ta buɗe ɗakin."

"Na sani. Tun ranar da aka kawo ta haka take yi."

"To me ya hana ka gaya mata?"

Aisami ya rufe fuska da hannu biyu.

"Ina cikin layi. Mutane gaba, mutane baya, Burahima yana jina. In na ce kada ki kunna wuta akwai esansi a ɗaki, za su fitar da ni. Saura kaɗan in iso fanfo. Na ce a raina, bari in sha wannan in ruga, ai sai ta gaisa da maƙwabta tukun."

"Husseini fa?"

"Da na zo na ji mata suna cewa ta ambaci sunansa. Sai na bi bakinsu. Ba zan iya tsayawa gaban 'yan'uwanta in ce ni ne ba."

Abarshi ya ji tausayinsa, ya kuma ji haushinsa, har bai san wanne ya fi yawa ba. Bai sa masa ankwa ba. Ya kama hannunsa ya tashe shi.

"Za ka faɗa a rumfar nan da bakinka, kafin mu wuce. Akwai yara a gidan Husseini."

Aisami ya faɗa, a tsaye, idonsa a ƙasa. Ba wanda ya ɗaga masa hannu. Da yawa daga cikinsu sun kauda kai. Can wani dattijo ya miƙe ya sa takalmi ya nufi gida da sauri, wani ya bi bayansa, sai wani. Abarshi ya san abin da za su je fitarwa daga ɗakunan matansu.

Da yamma aka sallami Husseini. Idon da aka fasa masa bai sake gani ba.

Hanyar komisariya ta gaban gidan mai ta bi. Da Abarshi da Aisami suka zo wucewa, mutumin da ke bayan moton Aisami, wanda labarin abin da aka faɗa a rumfa bai iso shi ba, ya ɗaga hannu daga cikin layi.

"Malam Aisami, Allah ya jiƙan ta," ya ce. "Zo ka kama motonka, an zo kanka."