Gawon Tahira

"Kin ga ya mutu ko?"

Rahmatu ce ta faɗa tana nuna shi da ƙafa. Tahira ta tsaya a kansa, zuciyarta na tafasa.

Hannuwa biyu ne na yumɓun Jiratawa. Jatau ya gina, ya gasa, ya dasa ɗan icen gawo a tafinsu. Sana'arsa ke nan a Tsibiri, haɗa yumɓu da ice mai rai, wai don mutum ya tuna da ƙasa yake ci. Ranar da ya kawo mata shi unguwar Zariya, cewa ya yi:

"Masoyiyata, muddin wanga ice na raye, ina nan..."

To ga damina ta sauka, ko ciyawar bola ta yi kore, shi kuwa gawon ya zubar da ganye tas.

Hajiya, mahaifiyar Tahira, ta taɓe baki.

"Dama mai gina gumaka miji ne? 'Yan uwanki na samun mota, ke kin samu tukunya mai yatsu."

Rahmatu ɗiyar kawun Tahira ce, a gonakin Jiratawa ta tashi. Ta matso, murya kamar zuma.

"Yaya, ni dai tsoro nike ji. Wa ya san abin da ya binne ciki? Kawo in yar miki."

Tahira ta miƙa mata.

Da Jatau ya zo da yamma, ko tabarma Tahira ba ta ba shi ba.

"Soyayyar taka ta bushe, malam mai tukwane."

"Tahira, saurara, shi gawo..."

"Ka je ka yi wa laka bayani."

Ta rufe ƙofa. Kafin kaka ta karɓi sadakin Maman Lawali, ɗan kasuwar Sabon Gari, wanda Hajiya ke yi wa kirari tun bara. Mutum ne mai kirki da waya; da ita yake hira har a kan abinci.

Da rani ya tsananta aka gayyace su biki Tsibiri, Rahmatu ce amarya. Ba wanda ya damu ya gaya wa Tahira sunan ango.

Tana shiga gidan ta ga hannuwan nan a tsakar gida. Ko'ina ya bushe ƙurmus, gawon kuwa ya yi ganye shar.

Tahira ta matsa kusa da shi.

"Ai... ai ya mutu."

Jatau ya fito cikin farar rigar angwanci. Kallo ɗaya ya yi mata, babu ko fushi a ciki, abin da ya fi yi mata ciwo ke nan.

"Gawo ba ya ganye da damina. Sai kowa ya bushe yake tsayawa. Abin da na so in gaya miki ke nan."

Tahira ta juya ga amarya, hawaye na zuba.

"Kin sani, Rahmatu?"

Rahmatu ta gyara mayafi, ta dubi lallenta.

"Haba Yaya. Ko akuyar ƙauyenmu ta sani."